KOWANE JINI DA MAGANINSA

Wannan shi ne jawabin da Magatakardan reshenmu na Kazaure ya yi a gaban taron membobi da 'yan kasuwa, wanda wakilan Roni da Gwiwa da Babura suka halarta. Mun buga shi duka domin waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.

Malam Shugaba, iyayena maza da mata, 'yan'uwana talakawa, ina yi muku sallama. Na gode da kuka rufe rumfunanku da wuri kuka zo. Na san mutanen Gwiwa da na Babura suna da sauran tafiya a gabansu, don haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Yau an ce in yi magana a kan jini. Dalili kuwa shi ne kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan kaka: kai goro da ɗaurin aure. Ina so kafin kowa ya kai goro ko ya karɓa, ya ji abin da zan faɗa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

LABARIN YAYATA

Zan fara da gidanmu, don kada wani ya ce labarin Turawa na kawo. Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, aka yi mata aure a wani ƙauye cikin ƙasar Roni. Ta haifi 'ya'ya biyar. Kowannensu aka haife shi ɓul-ɓul, aka yi suna aka yanka rago. Amma uku daga cikinsu, da sun kai wata shida ko bakwai, sai bayan hannu da ƙafa su kumbura, yaro ya kwana yana tsala kuka ba a san inda ke masa ciwo ba. Idonsa ya yi ɗorawa, ciki ya fito, jini ya ƙare. Biyu suka rasu ba su kai shekara huɗu ba. Aka ce wabi take yi. Aka ce iska ce. Aka yi turare, aka yi tsaga, ɗaya har aka yi masa laƙabi da Ajuji wai don mutuwa ta raina shi ta bar shi. Daga ƙarshe dangin miji suka ce ita ce mai baƙin jini, aka ba ta takardarta.

Mijin ya sake aure, amarya ta haifi 'ya'ya huɗu lafiya lau. Mutanen gari suka ce, "To, ga shi nan, ashe daga wajen waccan ne." Ni ma da na ji haka bakina ya mutu. Sai da na ɗauki na ukun, wanda ya rage da ciwon, na kai shi Kano aka auna jininsa, aka auna na uwarsa, sa'an nan na gane an zalunci yayata. Ciwon amosanin jini ne, wanda yanzu ake ce wa sikila, kuma ba ya samun yaro sai uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi. Yaron nan yana nan da ransa, yana shan magani, yana zuwa makaranta. Da an san abin da aka sani yanzu, watakila da 'yan'uwansa biyu suna nan.

Na tabbata ba wanda ke zaune a nan da bai san gida irin wannan ba.

LITTAFIN GADO

Hausawa sun daɗe da sanin gado. Mun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Manomi ya san in ya shuka maiwa ba zai girbi dawa ba. Abin da masana suka ƙara mana shi ne sun gano inda gadon yake a rubuce. Cikin ƙwayoyin jikin kowane mutum akwai wani abu kamar dogon zare, suna ce masa DNA. A jikinsa aka rubuta yadda za a gina mutum: tsawonsa, launinsa, irin jininsa. Baƙaƙen rubutun huɗu ne kacal, amma an jera su har wajen miliyan dubu uku. Kowane mutum yana da kofi biyu na littafin nan, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

A 1953 aka gano siffar zaren a Kambirij ta Ingila. A 1990 Amurka da Ingila da waɗansu ƙasashe suka haɗa kai don su karanta littafin daga farko har ƙarshe. Suka gama a 2003, bayan sun kashe kusan dala miliyan dubu uku. Yau kuwa ana karanta na mutum guda da abin da bai kai dala dubu ɗaya ba. Da aka karanta sai aka ga littafin Bahaushe da na Bature da na Basine kusan duk ɗaya ne, cikin baƙi dubu da kyar ɗaya ya saɓa. To, amma wannan ɗayan kada ku raina shi. Ni magatakarda ne, na san aikin ƙugiya guda a takarda. In na rubuta "bari" na manta na lanƙwasa kan baƙin farko, ko na lanƙwasa inda bai kamata ba, sai ya koma "ɓari." Baƙi ɗaya, magana ta juye.

Haka sikila take. Baƙi ɗaya ne tak ya sauya a wurin da aka rubuta yadda za a yi abin da ke ɗaukar iska cikin jajayen ƙwayoyin jini. Ƙwayar jinin mai lafiya kewayayya ce, mai laushi, tana ratsa kowace ƙaramar jijiya, tana yin kwana 120 kafin ta mutu. Ta mai sikila kuwa, in iska ta yi mata ƙaranci, sai ta ƙandare ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe hanya, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Toshewar nan ita ce ciwon ƙashin da ke hana yaro barci. Saurin mutuwar nan shi ne ƙarancin jini da ɗorawar ido. Wani likita a Cikago, Jems Herik, shi ya fara bayyana ƙwayoyin nan a 1910. A 1949 Lainus Folin ya nuna laifin yana cikin abin da ke ɗaukar iskar, a 1956 kuma Banon Ingiram ya nuna daidai gurbin da aka sami saɓanin.

LISSAFIN GORO

Ga yadda ake gadonta, kuma na san 'yan goro za su riga kowa ganewa. Wanda ya gaji lafiyayyen baƙi daga uwa da uba, ana ce masa AA. Wanda ya gaji lafiyayye ɗaya da na lauje ɗaya, AS ke nan: lafiyarsa ƙalau, yana noma yana dako, bai ma san yana ɗauke da kome ba. Wanda ya gaji na lauje ta ɓangare biyu, shi ne SS, shi ne mai ciwon.

Ku ɗauka miji AS ne, yana da aljihu da goro biyu, fari da ja. Matar ma AS ce, tana da fari da ja a ƙullin zanenta. Duk lokacin da aka sami ciki, kowannensu zai rufe ido ya zaro ɗaya. Fari da fari, yaro AA. Fari da ja, ko ja da fari, yaro AS. Ja da ja, yaro SS. Watau hanya huɗu ce, ɗaya ta ciwo. Amma fa ku lura: bayan kowace haihuwa ana mayar da goron, a sake zara daga farko. Saboda haka wani gidan ya haifi shida ba mai ciwo, wani gidan kuma, kamar na yayata, uku cikin biyar. Amaryar da ta zo bayanta kuwa, ga alama farin goro biyu gare ta, don haka jan goron mijin bai sami abokin haɗuwa ba. Jan goron yana nan a aljihunsa, ya kuma raba wa waɗansu 'ya'yansa. Akwai kuma wani iri da ake ce wa C, wanda in ya haɗu da S shi ma yana kawo ciwo.

A Nijeriya, kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Ku dubi layin da kuke zaune ku ƙirga. Ana ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da sikila kowace shekara a ƙasar nan, ba ƙasar da ta kai mu a duniya. Me ya sa ta yi mana yawa? Sauro ne. A 1954 wani likita, Antoni Alisan, ya nuna a Afirka ta Gabas cewa yaro AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. Shekaru dubbai zazzaɓi yana kwashe yara, masu AS suna tsira fiye da saura, suna girma suna haihuwa. Don haka mai AS ba abin kunya gare shi ba, garkuwa ya gada daga kakanninsa. Garkuwar ce in ta haɗu biyu take zama masifa.

Wani zai ce, to, a daina auren zumunci mana. Gaskiya ne auren dangi yana ƙara haɗa irin da ke ɓoye cikin zuriya. Amma tun da ɗaya cikin huɗu ne, ko daga Sakkwato ka ɗauko mata ba ka tsira ba. Mun saba cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan ido bai san kome ba. Sai an auna.

ABIN DA AKA GANO A GARKI

Mutanen Babura, ku matso da kunnuwanku, maganar maƙwabtanku ce. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan ƙasar Garki. Lokacin nan duk muna cikin Jihar Kano, don sai 1991 aka yi Jigawa. Aka yi feshi a ɗakuna, aka raba magani, aka ɗebi jinin mutane dubbai. Wani likitan jini na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Alan Filemin, da abokan aikinsa suka auna jinin, suka buga abin da suka gani a 1979. Cikin jarirai sababbin haihuwa, wajen 2 cikin 100 SS ne. Amma da suka duba manyan yara da magidanta, sai suka tarar masu SS sun kusa ɓacewa. Ina suka tafi? Suna maƙabarta. Lissafi ya nuna wajen tara cikin goma ba su girma ba.

Har yau, in masanan duniya za su rubuta yadda sikila ke kashe yaran Afirka, sai sun ambaci Garki. Jinin iyayenmu ya shiga littattafan Landan da Janeba. Tambayar da nake yi ita ce: shekara hamsin bayan haka, me ya komo wa jikokin waɗanda suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu?

MAGANI A KAN AWO

Kun san bambancin rigar da aka saya a rataye da wadda tela ya auna ka ya ɗinka. Da can likita rigar rataye yake bayarwa: ciwo kaza, magani kaza, kowa da kowa. Ilmin gado ya kawo aikin tela, watau a duba jinin mutum da gadonsa, sa'an nan a yanka masa magani daidai jikinsa. Mutane suna tsammani wannan sai a Turai. Bari in ba ku misali uku, ku gani ko ya fi ƙarfinmu.

Na farko, awon jariri. Jariri yana zuwa duniya da wani irin jini na zaman ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Shi ya sa 'ya'yan yayata suka yi wata shida lafiya. Sai jinin nan ya ja baya, sa'an nan ciwo ya bayyana. Watannin nan shida su ne damar da Allah ya ba mu. In aka ɗiga jini daga dunduniyar jariri aka san SS ne, sai a fara ba shi fenisilin kullum, a cika masa alluran rigakafi, a kwantar da shi cikin gidan sauro, a koya wa uwa ta riƙa taɓa saifarsa, ta kuma san zazzaɓi a jikinsa ba abin jira ba ne har gari ya waye. Wani bincike a Amurka a 1986 ya nuna fenisilin kaɗai ya rage mugun ciwon da ke kashe yaran nan da kashi 84 cikin 100. A Ingila da Amurka, inda ake auna jarirai, fiye da tara cikin goma na masu sikila suna girma. A Garki tara cikin goma suka mutu. Jinin ɗaya ne, kulawar ce ta bambanta. Yanzu kuma akwai ɗan tsinken awo da ke ba da amsa cikin mintoci kaɗan, ba ya bukatar lantarki. Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja ta gwada shi a ɗakunan rigakafi na Gwagwalada, ta buga sakamako a 2020, ya yi aiki. Abin da aka yi a Gwagwalada, me zai hana a yi shi a Gwiwa?

Na biyu, shanyewar ɓarin jiki. Mun ɗauka ciwon tsofaffi ne, alhali wajen ɗaya cikin goma na yara masu sikila yana samunsu kafin su kai shekara ashirin. Amma ba kowane yaro ke cikin haɗarin daidai ba. Akwai na'urar da ake ɗora wa yaro a gefen kai, ba yanka ba allura, ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wanda jininsa ke gudu fiye da kima, jijiyarsa ta matse ke nan, kuma in aka bar shi, cikin irinsu goma ɗaya yakan faɗi kowace shekara. A Amurka ƙarin jini ake yi musu duk wata. Mu ina muka ga jinin da za a yi haka? Sai likitocinmu na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, da na Barau Dikko a Kaduna, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Bandabil ta Amurka, suka gwada wata ƙwaya mai suna haidiroksiyuriya, wadda ke tayar da jinin nan na zaman ciki. Suka zaɓi yara 220 waɗanda na'ura ta nuna suna cikin haɗari, suka ba kowanne gwargwadon nauyinsa. Da aka buga sakamako a 2022, yara 8 kaɗai abin ya sama cikin fiye da shekara biyu, kuma ƙaramin awo na maganin ya tsare su kamar babba. Wannan aiki a Kano aka yi shi, da 'ya'yan Hausawa, duniya kuma tana koyi da shi. Daga nan zuwa Kano tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce a mota. Sai dai ina gargaɗi: kada wani ya je kemis ya saya da kansa. Magani ne mai ƙarfi, sai likita ya auna yaro, yana kuma duba jininsa lokaci-lokaci.

Na uku ba sikila ba ne, amma iyayena mata ku saurara. Akwai wani gado da ake ce wa ƙarancin G6PD, yawanci ɗa namiji ke gadonsa ta wajen uwa, kuma a wurare da yawa na ƙasar nan cikin maza biyar ko shida akan sami ɗaya. Mai shi lafiyarsa lau, har ran da ya sha wani irin magani, sai ƙwayoyin jininsa su farfashe, fitsari ya yi baƙi, ido ya yi ɗorawa. An gano shi a 1956, wajen binciken dalilin da ya sa maganin zazzaɓi mai suna firimakwin ke warkar da wani ya kwantar da wani. A 2008 sai da aka janye wani maganin zazzaɓi mai suna Lapdap daga kasuwa saboda haka. Kafur ɗin nan da ake sa wa cikin akwatin kayan jariri, da lallen da ake shafa wa jinjiri, suna iya tayar da shi, shawara ta kama yaro har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Masu sayar da kafur, ba na hana ku ciniki, amma ku riƙa gaya wa mai jego ta nisanta shi da kayan jariri. Kun ga magani ɗaya, jiki biyu, sakamako biyu. Don haka wanda magani ya yi wa aiki kada ya ɗiba ya ba maƙwabcinsa.

MAGANIN MASU KUƊI

Yanzu bari in gaya muku inda ilmin nan ya kai. Likitoci sun daɗe suna mamakin yadda yara biyu duk SS, ɗaya kullum yana kwance, ɗaya sai jifa-jifa. Da aka kwatanta littattafan gadon mutane da yawa, a 2007 da 2008 aka gano makunnin da ke kashe jinin zaman ciki bayan haihuwa. A jikin waɗansu makunnin ba ya rufewa ruf, shi ya sa ciwonsu ke da sauƙi. Sai masana suka ce, to, mu lalata makunnin mana. Ana ɗebo ƙwayoyin ɓargon mara lafiya, a gyara su da wani almakashi na ilmi wanda mata biyu, Jenifa Daudna da Emanuwel Shafantiye, suka sami lambar Nobel a kansa a 2020, sa'an nan a mayar masa. Ingila ta yarda da maganin a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba 2023. Sunansa Casgevy. Kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, na mutum ɗaya. Ko da a ce dala naira dubu ce, naira miliyan dubu biyu ke nan da ɗoriya. A haɗa jarin duk wanda ke cikin taron nan, a sayar da rumfunan, ba a biya wa yaro ɗaya ba.

Akwai kuma dashen ɓargo, wanda aka fara yi wa mai sikila a Nijeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Shi ma sai an sami ɗan'uwan da ɓargonsa ya dace, ga haɗari, ga miliyoyi.

Ban faɗi wannan don ku karaya ba. Na faɗa ne don in wani babba ya hau mumbari ya ce maganin sikila ya fi ƙarfin gwamnati, ku san amsar da za ku ba shi. Ba mu ce a kawo mana na miliyan dubu biyu ba. Abin da ke raba yaro da kabari shi ne tsinken awo, da fenisilin, da gidan sauro, da na'ura ɗaya, da ƙwayar da ake yi a ƙasar nan. Awon jinin mutum guda bai kai kuɗin turmin atamfa ɗaya cikin lefe ba.

JININMU DA HAƘƘINMU

Saura magana ɗaya. Telan da bai taɓa auna ka ba, ba zai ɗinka maka daidai ba. Wani lissafi da aka yi a 2016 ya nuna cikin mutanen da aka yi binciken gado a kansu, wajen 8 cikin 10 jinin Turawa ne, masu jinin Afirka kuwa wajen 3 cikin 100. Alhali mutanen Afirka sun fi kowa yawan bambancin gado. A 2020 masanan wata ƙungiya mai suna H3Africa suka karanta littafin mutum 426 kawai daga ƙabilu 50, har da Birom na Jos, suka sami saɓani fiye da miliyan uku da ba a taɓa rubutawa ba. Saboda haka in ba a auna mu ba, za a yi ta kawo mana rigar da aka ɗinka wa wani.

Amma ba mu manta da 1996 ba, shekarar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce ciwon ne ya kashe su, aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To, gudu ba zai fisshe mu ba, sanin haƙƙi ne zai fisshe mu. Duk wanda ya zo ɗibar jini don bincike, ku tambaye shi da Hausa: Wa ya aiko ka? Wace hukuma ta ba ka izini? Ina za a kai jinin? Za a gaya mini abin da aka gani? In na ƙi, za a hana ni magani? Mai gaskiya zai zauna ya amsa. Wanda ya fusata, ku rufe hannunku.

ABIN DA ZA MU YI

A Mayu 2024 Jihar Kano ta sa dokar awon jini kafin aure. Mu kada mu jira sai ɗan sanda ya kai mu ga abin da zai amfane mu. Ga shawarata.

Ɗaya. A auna yaro da yarinya tun suna makaranta, tun ba a fara zance ba. Ranar da aka kai lefe aka sa rana, sa'an nan a ce jini bai dace ba, ranar nan ce ake sayen takardar ƙarya. A yi awon a wurin da aka amince da shi, in da hali sau biyu, don akan yi kuskure. Mai sayen takardar ƙarya kuwa ba liman ya cuta ba, jikansa ya cuta.

Biyu. Kada a mai da AS ko SS abin gori. Mai SS yana aure, yana haihuwa, in ya auri AA ba ɗansa da zai yi ciwon. Kada kuma a sake sakin mace a kan wabi ba a auna mijin ba.

Uku. Mai yaro SS ya riƙa ba shi ruwa da yawa, ya rufe shi da hunturu, kada ya tura shi talla cikin rana, kada a yi masa tsaga ko ƙaho, jinin da ke gare shi bai ishe shi ba.

Huɗu. Kowane reshe, Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, ya naɗa mutum uku, har da mace, su je asibitin yankinsu cikin ladabi su tambaya: Ana auna jarirai? Nawa ne? Akwai ranar masu sikila? Akwai na'urar auna kai, in babu, ina ce mafi kusa? Ana samun ƙwayar? Su kawo mini amsa a rubuce. Zan haɗa takarda ɗaya mu kai wa shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarmu na Dutse, mu nemi a sa awon jariri kyauta a duk inda ake rigakafi. Muna biyan kuɗin rumfa, muna biyan na tasha. Ba sadaka muke roƙo ba. Ranar 19 ga Yuni ita ce ranar sikila ta duniya, ina so kafin ta zagayo mu san wanda ya amsa da wanda ya yi shiru, mu kuma buga sunayensu a jaridar nan.

Wani dattijo ya ce mini a bakin ƙofa, "Ɗana, ai ciwo da mutuwa na Allah ne." Na ce, "Haka ne, Baba. Ruwan sama ma na Allah ne, amma ban ga ka bar zaɓen iri ba."

Yayata ta san zan yi maganar nan yau. Na tambaye ta ko in ɓoye labarinta, ta ce in faɗa, in dai zai hana a yi wa wata abin da aka yi mata. To, na faɗa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, mata su fara.